Tutar Aji Huɗu

Ranar Asabar

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki irin gaisuwar da ƙanwa ke yi wa wadda ta goye ta. Ina fatan takardar nan za ta tarar da ke cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya gwiwar? Yaya kuma kunnen? Tun da ya daina jituwa da waya na ga gara in riƙa rubuto miki, domin na gaji da tsayuwa a ofis ina maimaita "lafiya lau" sau uku da ƙarfi, yara na leƙowa ta taga suna tsammanin faɗa nake yi.

Kin tambayi labarin makaranta. Jiya muka gama jarrabawar zango na uku, ranar Alhamis mai zuwa kuma za mu rufe, idan Allah Ya kai mu. Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, na gaji, kuma ba irin gajiyar da barci ke magani ba. Shekara ashirin da bakwai ke nan ina shaƙar ƙurar alli, goma sha ɗaya daga ciki a kan kujerar shugaba, amma ban tuna zangon da ya yi mini tsawo kamar wannan ba. Ciwon ido ya zaga aji ɗaya kaf, daga benci zuwa benci. Rufin aji biyu ya soma yoyo daidai kan allo. Famfon bakin ofis ya karye sau biyu, kuma duka biyun babu wanda ya ga wanda ya karya shi. Ga katin sakamako ɗari huɗu da goma sha biyu jibge a kan teburina, kowanne yana jiran sa hannuna da jimla guda. Na rubuta "A ƙara ƙoƙari" har hannuna ya iya rubuta ta ba tare da ni ba. Wani lokaci nakan ajiye alƙalami in tambayi kaina: amana nake saukewa, ko tawada kawai nake ƙararwa? Allah Ya yafe mana.

Abu ɗaya ne ya sanyaya mini rai, shi ne maganar tuta. Na san za ki yi dariya, ke da kika laƙaba mini Alƙaliya tun ban iya ɗaura zane ba. Kin tuna dokar da na kafa shekarar da na karɓi makarantar. Ƙarfe takwas saura kwata a rufe ƙofa da kwaɗo. Wanda ya makara a rubuta masa fashi, sai mai takardar asibiti kaɗai ake ɗaga wa ƙafa. Ajin da ya fi ƙarancin fashi shi ke kafa koriyar tutar nan a bakin ƙofarsa. Idan kuwa aji ya rasa ta, ɗalibin da ya jawo shi ne zai ɗauke ta da hannunsa ranar rufe makaranta, ya ratsa fili a gaban kowa, ya kai wa ajin da ya ci. Kin taɓa ce mini wannan ya yi tsauri, na ce miki icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To ga shi yau aji huɗu, yara sittin da uku, sun riƙe tutar zango biyu a jere, wannan zangon kuma ko fashi ɗaya babu a rajistarsu. Malaminsu sabo ne, a farkon zangon nan aka turo mana shi, amma ya tarar da aji mai tarbiyya.

Akwai kuma yara goma sha ɗaya da ba su yi fashi ba duk tsawon shekara. Kowanne zai karɓi littafi da takardar yabo a gaban iyayensa. Takardun gayyata ban ba yara ba, don na san a aljihu suke narkewa. Baba Maigadi na aika gida gida. Jiya da hantsi sai ga ɗaya daga cikin iyayen ta zo har ofis yin godiya. Tela ce, tana ɗinki a gida, mijinta ya rasu tuntuni. 'Yarta tana aji huɗu, yara na kiranta 'Yar Tela. Matar ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi zama, ga guntun zare maƙale a mayafinta. Ta ce, "Malama, ni ban yi boko ba, amma takardar nan sau uku na sa aka karanta mini." Ta ce tana ɗinka wa yarinyar sababbin kayan makaranta domin ranar. Na ce a kira mata ita su gaisa, ta ce a'a, kada a katse mata jarrabawa. Na ji daɗin matar nan. Da haka iyaye duka suke da furfura ba ta yi mini sammako ba.

Sai dai ba a rasa abin ɓacin rai. Da yamma malamin aji huɗu ya shigo yana sosa ƙeya, wai bai ga takardun jarrabawar ita wannan 'Yar Telar ba, ko guda ɗaya, a dukkan darussa. Rajista kuwa ta nuna tana nan kullum. Na yi masa faɗa mai zafi. Na ce takardar yaro amana ce, wanda ya zubar da ita a yau gobe yaron zai zubar. Na ba shi zuwa Litinin ya nemo su. Ya fita idonsa ya yi ja. Bayan na yi salla na ga kamar na wuce gona da iri, amma ban kira shi ba.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki shafa mini kan 'yar autar jikokin. Ki sa ni a addu'a in ga Alhamis lafiya.

Ƙanwarki,
Alƙaliya


Ranar Litinin

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun wuni lafiya, gwiwa kuma ta lafa. Ban jira amsarki ba, domin abin da ya faru yau ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai. Gobe da safe zan ba direban motar garinku takardar nan.

Malamin aji huɗu ya ƙare Lahadinsa yana ƙirga takardu. Kowane darasi sittin da biyu, kuma ta mutum ɗaya ce ba ta nan. Na ce to a kira yarinyar ta sake rubutawa a ofis. Da yake ina son ya ga yadda ake aiki, sai na tafi ajin da kaina. Na tsaya a gaban allo na kira sunanta. Daga bencin baya wata siririyar murya ta ce, "Na'am, Malama." Na ce, "Taso ki zo." Babu wanda ya motsa. Na maimaita. Ajin ya yi tsit, har ina jin 'yan aji ɗaya suna rera ƙidaya daga can ƙetaren fili. Na ce wadda ta amsa ta miƙe. Sai wata yarinya ta miƙe, wadda suke kira Aku saboda babu muryar da ba ta iya kwaikwaya, har da tawa, in ji malamai.

A ofis ta faɗa mini komai, tana kuka tana share hanci da gefen riga. Kwana goma sha huɗu ke nan, har da yau, 'Yar Tela ba ta taka cikin makarantar nan ba. Malam yakan kira suna kansa a sunkuye, alƙalami na gudu, domin dole suna sittin da uku su ƙare kafin ƙararrawar darasin farko. Wannan ma dokata ce. Aku takan amsa nata da muryarta, idan an zo kan na ƙawarta ta ƙanƙance murya ta amsa. Ta ce ba yau aka fara ba, sukan yi wa duk wanda zazzaɓi ya kwantar kwana ɗaya ko biyu. Yara sittin da uku, zango guda, babu fashi ko ɗaya, kuma ban taɓa tsayawa na ce anya ba. Abin da mutum yake so ya ji ba ya bincikensa.

Amma ba wannan ne ya fi tayar mini da hankali ba. Na tambaye ta me ya hana yarinyar zuwa. Ta ce ran wata Laraba igiyar takalminta ta tsinke a hanya, ta iso ta tarar an sa kwaɗo. Tsoro ya hana ta komawa gida, sai ta zagaya bayan katanga ta laɓe. Ni kuwa a ranar na hango giftawar rigar makaranta ta wata kafa da ke jikin katangar. Kafin a tashi na sa aka kaɗa ƙararrawa, na tara yara duka na ce musu, "Na ga wadda ke yawo a bayan katanga da kayan makaranta. Na ga fuskarta. Ba zan kira suna ba, amma ranar da muka haɗa ido, ita za ta ɗauki tuta."

Yaya, ban ga fuskar kowa ba. Tabarauna yana kan tebur a lokacin. Launin riga kawai na hango. Na faɗa ne don in tsorata su, yadda malamai ke yi tun kafin a haife mu, kuma kafin la'asar na manta na faɗa. Ni da ban taɓa karɓar "wasa nake yi" daga bakin yaron da ya yi ƙarya ba.

Su ba su manta ba. 'Yan aji huɗu suka yi shawara a tsakaninsu, suka roƙe ta kada ta shigo har a rufe makaranta. Aku ta ce, "Mun ce kwana kaɗan ne, Malama. Mun ce in an dawo hutu kin manta fuskar." Kullum da safe yarinyar takan sa kayanta ta yi wa uwarta sallama, ta je ta zauna a wani kango da ke bayan katangarmu. Idan an fita shan iska kowa ya gutsura mata daga abin da ya zo da shi, su miƙa ta kafar katanga. Idan an tashi ta shiga cikin ayarin yara ta koma gida.

Na ce Baba Maigadi ya raka ni. Gida ne da aka fara aka watsar, rabinsa babu rufi, ciyawa ta kai gwiwa, ga fasassun kwalabe. Duk abin da zai iya samun yarinya 'yar shekara tara a irin wannan wuri ya zo mini a rai lokaci guda. A wani lungu da ke fuskantar tagar aji huɗu na same ta. Ta share wurin tas. Ta jera bulo biyu ta zauna a kai, ta ɗora guntun katako a kan wasu biyu ya zama tebur. Littattafanta a jere, ga gorar ruwa a gefe. Daga nan ana jin muryar Malam sarai. Wato kullum tana jin an kira sunanta, tana jin wata ta amsa. Har shiftar jarrabawa ta rubuta a takardarta, ta sa kwanan wata, ta ja layi da rula.

Da ta ga inuwata sai ta rufe fuskarta da hannu biyu. Na ce, "Sauke hannunki, 'yata." Ba ta sauke ba. Baba Maigadi ya ce, "Haba jikalle, Malama ce fa." Ta ƙara matsewa. Ban san abin da ake faɗa wa yaro a irin wannan hali ba. Shekara ashirin da bakwai ban koya ba. Na tattara littattafanta, na sa Baba ya raka ta har ƙofar gida, na ce ya ce wa uwar ina nan tafe gobe. Ya kamata in bi su a take. Ban bi ba. Na ce wa kaina akwai katin sa hannu, alhali tsoro ne.

Bayan an tashi malamin aji huɗu ya shigo, ya rufe ƙofa a hankali. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ko mu rufa wa juna asiri? A ba ta jarrabawa a ofis, ranar Alhamis ta karɓi kyautarta, uwar ta yi murna, babu wanda ya ji kunya." Yaron aikinsa yake tsoron rasawa, ban ga laifinsa ba. Na ce masa a'a. Amma ke zan gaya wa gaskiya: kafin in ce a'ar na yi shiru fiye da yadda ya kamata mai tsoron Allah ta yi. Na auna shawarar, na ji daɗinta a baki. Sannan na ba shi haƙuri a kan faɗan Juma'a. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango nasa.

Ki yi mini addu'a, kada ki yi mini ta'aziyya da cewa niyyata mai kyau ce. Na san niyyata, na kuma ga kangon.

Ƙanwarki


Ranar Laraba

Yayata,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Direba ya kawo mini amsarki ɗazu, na gode, na kuma ji daɗi da kika ce gwiwa ta bar ki kin yi salla a tsaye. Layi huɗu kacal kika rubuto. Kin ce, "Alƙaliya, wannan karon ke ce a gaban alƙali, ki tsaya a yi miki shari'a kamar kowa." Kin kuma tuna mini ranar da na fasa tulun Inna na ɓuya a bayan ɗaki tun safe har azahar, kika zo kika zauna kusa da ni ba ki ce uffan ba, har na gaji na fito don kaina. Na manta da wannan ranar. Ashe ni ma na taɓa zama a kango.

Jiya na je gidan Tela. Ɗaki ɗaya ne da rumfa, keken ɗinki a bakin taga, ƙyallaye a cikin kwando, ga sababbin kayan makarantar rataye a jikin ƙusa, saura kalmasa kawai, alamar alli ba ta ma goge ba. Ta tare ni da murna, ta kakkaɓe kujera ɗaya da suke da ita, ta ce, "Malama da kanta? Yau mun yi babbar baƙuwa." Tana tsammanin maganar kyauta ce ta kawo ni. Yarinyar ba ta gaya mata komai ba. Ta ce kanta ke ciwo, ta shige bayan labule.

Na faɗa mata daga farko har ƙarshe, ban rage ba, har da tabarau da ke kan tebur. Tana ji tana juya keken a hankali da hannu, har ta daina. Na yi zaton za ta yi kuka ko ta zage ni, kuma da ta zage ni da na sami sauƙi. Sai ta ce, muryarta ƙasa ƙasa, "Malama, kullum da safe nakan tsaya a ƙofar nan in ga ta sha kwana, in ce na miƙa ta. Ashe babu wanda ya karɓa." Sannan ta ce, "Ranar da na zo ofishinki kika ce a kira mini ita. Da na ce to, wa za a kira?"



Ta ce ba za ta mayar da ita ba. Ta ce za ta zaunar da ita a gefen keke inda idonta ke ganinta, in ya so idan Allah Ya hore wata shekara a nemi wata makarantar. Yaya, na san ma'anar wata shekara a irin wannan ɗaki. Na ga yara da yawa da aka ajiye zuwa wata shekara. Na nuna mata shiftar da yarinyar ta rubuta a kango. Na duba ta da jan alƙalami, ta ci goma sha takwas cikin ashirin, ta bayan katanga. Na ce yarinyar da ta share kango ta yi aji bai kamata ta rasa aji saboda harshena ba. Na ce zan ba ta jarrabawarta duka a makon farko na hutu, ni zan zauna da ita. Na roƙi abu ɗaya: su zo ranar Alhamis, ba don kyauta ba, don babu kyauta, sai don su ji abin da zan faɗa a inda na faɗi na farko.

Tela ta dubi labulen ta ce, "Ba ni za ki roƙa ba. Ni ban san hanyar kangon ba ma."

Na juya na yi wa labule magana, ni shugabar makaranta. Na ce ƙofa za ta kasance a buɗe, babu kwaɗo, ko ƙarfe nawa ne. Ina ganin yatsun ƙafarta a ƙarƙashin labulen, amma ba ta amsa ba.

Yau na gyara rajista da hannuna. Na soke alamar zuwa na rubuta fashi, ɗaya bayan ɗaya, har goma sha shida da na yau. Na cire sunanta daga cikin masu karɓar kyauta. Ban taɓa jin nauyin alƙalami irin na yau ba, kuma har yanzu ban sani ba ko gaskiya nake tsarewa ko kuwa tsabtar littafina. Ana can ana kafa rumfuna a fili, 'yan aji ɗaya suna ta maimaita waƙarsu.

Gobe ne. Ki gaida mutan gida.

Ƙanwarki


Ranar Juma'a

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kamar yadda na tashi yau, jiki duk ciwo amma numfashi ya sauka. An rufe makaranta. Ga yadda aka yi.

Ƙarfe takwas saura kwata Baba Maigadi ya miƙo mini kwaɗo yadda ya saba. Na ce ya sa a aljihu. Ya dube ni ya ce, "Malama, ko dai kwaɗon ne ya yi ritaya kafin ni?" Na tsaya a ƙofar har ƙarfe tara saura, ina gaisa da iyaye, idona na kan hanya. Ba su zo ba. Dole na shiga aka fara taro.

'Yan aji ɗaya sun manta rabin waƙarsu, suka tsaya suna kallon malamarsu, iyaye na dariya suna tafi. Lasifika ta ɗauke sau biyu. Aka ba yara goma kyautarsu, littafi na goma sha ɗaya ya rage a kan tebur shi kaɗai. Da aka zo maganar tuta na ajiye takardar jawabin da na rubuta, na faɗa musu abin da na faɗa wa Tela, ba tare da kiran sunan yarinyar ba. Na ce wata rana na tsaya a wannan wuri na ce na ga fuskar wata ɗaliba, alhali ban gani ba, ƙarya na yi. Na ce saboda wannan ƙaryar 'yar mutane ta yi kwana goma sha huɗu a kango, ni kuma ina ofis ina sa hannu a kan cewa tana aji. Na ce aji huɗu sun rasa tuta, dokar makaranta kuma ta ce wanda ya jawo shi zai ɗauka.

Na sauka na je bakin aji huɗu na zare ta. Ban san sandar tana da nauyi haka ba, kuma ban san filin nan yana da faɗi haka ba. Shekara goma sha ɗaya ina sa yara 'yan shekara bakwai da takwas suna ratsa shi. Babu mai tari. Wani uba daga cikin rumfa ya ce a fili, "To, yau ga sabon abu." Malamin aji biyar ya karɓi tutar yana kallon ƙasa, yaransa ma babu wanda ya tafa. Ban tambaye shi dalili ba tukuna, ƙarfina bai kai ba, amma na gane irin kallon: da wuya rajistarsa ta fi ta aji huɗu gaskiya.

Da na juyo ne na gan su. Suna tsaye a wajen ƙofa, daidai inda kwaɗo ke rataya, Tela da 'yarta a cikin sababbin kayan, an yi musu kalmasa an goge. Baba Maigadi ya ce tun ana waƙar aji ɗaya suke nan, ya yi ta cewa su shigo, uwar ta ce ita ba za ta ja ta ba. Ban je wurinsu ba. Na tuna abin da kika yi mini a bayan ɗaki, na koma mazaunina na zauna.

Bayan taro kowane aji ya shiga ɗakinsa karɓar kati. Na karɓi rajistar aji huɗu daga hannun Malam na ce yau ni zan kira. Na sa tabarau. Na kira suna ɗaya ɗaya, kowanne sai na ɗaga kai na ga mai shi kafin in wuce. Ya ɗauke ni fiye da rabin sa'a, kuma na ji kunyar yawan fuskokin da ban sani ba. Da na zo kan nata, Aku ta toshe bakinta da hannu biyu. Na kira. Shiru. Na sake kira. Sai aka amsa daga bakin ƙofa, "Na'am, Malama." Muryar ba siririya ba ce ko kaɗan, 'yar dusasshiya ce mai kauri. Aku ba ta ma iya ta ba. Babu dai malamin da ya san ta asalin balle ya gane.

Ta shigo ta zauna a bencinta, yara suka matsa mata. Na sa mata alamar zuwa, guda ɗaya a bayan jan layi goma sha shida. Uwar ta tsaya a taga ta ce, "Ranar Litinin ƙarfe nawa ne jarrabawar?" Na ce ƙarfe tara. Ta ce, "Ni zan kawo ta, kuma a hannunki zan sa ta." Na ce na karɓa.

Shugaban kwamitin iyaye ya ce yana son magana da ni bayan hutu. Ban san abin da za su yanke ba, kuma na yi mamakin yadda abin bai hana ni cin abinci ba. Tutar kuwa na karɓo ta daga aji biyar na sa a cikin kabad, ba za ta sake fita ba. Abin da zan sa a madadinta ne ban sani ba. Da tsoro kaɗai na iya aiki, Yaya, kuma na tsufa da koyon sabuwar sana'a, amma ga dukkan alamu sai na koya.

Da aka watse, yarinyar ta dawo ita kaɗai ta tsaya a bakin ofis. Ta ce, "Malama, da gaske ba ki gan ni ba ranar?" Na ce da gaske. Ta yi ɗan tunani ta ce, "Ai da na sani da na shigo." Ba da zargi ta faɗa ba, lissafi kawai take yi, kuma wannan ya fi zargi ciwo. Hannuwanta suna gefenta, ba a kan fuska ba. Baƙa ce siririya, tana da ɗan tabo a girar hagu, da wushirya, kuma takan cije leɓe kafin ta yi magana. Shekara huɗu tana wucewa ta gabana kowace safiya. Yanzu idan na ce na ga fuskarta, ban yi ƙarya ba.

Idan na gama ba ta jarrabawa zan taho in yi kwana biyu a wurinki. Kada ki shirya mini komai, tabarma kawai a inda babu ƙararrawa. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya bar mana ke.

Ƙanwarki da kika goya,
Alƙaliya